Yadda Ake Bambanta Koriyar Mesa da Koriyar Bowa, Mataki-Mataki

Tun da hotunan macizan nan kore shar masu kwanciya a kan reshe suka fara yawo a wayoyin mutane, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: wai wannan da wancan duk maciji ɗaya ne? Wani ma hotuna biyu ya turo, ya ce shi dai a ganinsa uwa ɗaya ta haife su. Ban ga laifinsa ba. Launinsu ɗaya, tsawonsu kusan ɗaya, kuma dukansu sukan nannaɗe jiki kamar gammo su ɗora a kan reshe, rabi ya sauko ta nan rabi ta can kamar sirdi, sannan su ajiye kai a tsakiya. Sai dai tekun Fasifik ne gaba ɗaya a tsakaninsu. Ɗaya mesa ce ta tsibirin Niyu Gini da arewacin Ostireliya, sunanta na kimiyya Morelia viridis. Ɗayar bowa ce, wato wani dangin macizai marasa dafi daban da mesa, ta dazukan Kudancin Amurka, Corallus caninus. A nan zan riƙa kiransu koriyar mesa da koriyar bowa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne launi ba ya raba wannan gardama. Leɓe da saman kai ne suke raba ta. Ka bi matakan a jere yadda na tsara su, domin na farkon ya shafi lafiyarka.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Idan hoto ko bidiyo kake dubawa, waya mai iya girmama hoto ta isa, kuma kuɗin data kaɗai za ka kashe. Kana buƙatar hotuna uku: kai daga gefe, kai daga sama, da gadon baya. Idan macijin yana gabanka a cikin akwatin gilashi, ƙara da ƙaramar tocila da za ka haska daga gefe, saboda hasken gefe ne yake fito da inuwar ramukan leɓe. Kada ka kunna filasha a jikin gilashi, hoton zai wanke ya zama fari, ka rasa abin da kake nema. Hannu ba ya cikin kayan aikin. Babu matakin da yake buƙatar ka taɓa macijin.

1. Fara da tambayar inda aka gan shi

Kafin ka dubi jikinsa, tambayi a ina aka ɗauki hoton, kuma a daji ne ko a keji. Idan a dajin Birazil ne, ko Gayana, Surinam, Benezuwela, Kolombiya, Ikwado, Feru ko Bolibiya, to bowa kake zato. Idan a Papuwa Niyu Gini ne, ko yankin Papuwa na Indunusiya, ko tsibiran Aru, ko zirin Kef Yok na Ostireliya, mesa kake zato. Babu dajin da suke zaune tare. A keji kuwa wurin ba ya gaya maka komai, tunda masu kiwo a Amurka da Turai suna ajiye duka biyun, wani lokaci a ɗaki ɗaya.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi nauyi a wannan jagora: idan a Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru ka ga koren maciji a kan mangwaro ko darbejiya, ba ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba ne. Ba sa rayuwa a dazukan Afirka. Mesoshin da muke da su, babbar nan da gardawa suke yawo da ita da ƙaramar mai dunƙulewa kamar ƙwallo, babu koriya a cikinsu. Korayen macizanmu da yawa sirara ne marasa cutarwa, amma a cikinsu akwai mamba ta dazukan kudu, da bumsilan mai manyan idanu da ake samu har a ƙasar sabana, da wani ɗan gajeren maciji mai kaushin jiki da faɗin kai da ke kwana a rassa a kudancin Najeriya da Kamaru. Duka ukun dafinsu yana kisa ko ya illata mutum. Na damu da wannan ƙwarai, domin yaro zai ga bature a bidiyo yana wasa da koren maciji ya ɗauka na gonarsu ma haka yake. Wanda aka sara kada a ɗaure masa wurin tamau, kada a tsaga, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar dafin maciji, irin na Kaltungo a jihar Gombe.

A Kudancin Amurka ma akwai koren maciji mai dafi da ke kwanciya a rassa a dajin Amazon, haka a kudu maso gabashin Asiya. Alamarsu rami guda ɗaya babba tsakanin ido da hanci a kowane gefe. Ka ga wannan, ka bar lissafin mesa da bowa.

2. Zaɓi hoton kai daga gefe, ka girmama shi

Nemi hoton da bakin yake rufe kuma layin leɓe ya fito tun daga hanci har ƙarshen muƙamuƙi. A bidiyo, tsayar da shi daidai lokacin da macijin ya juya kai. Hoton da aka ɗauka daga nesa, ko wanda aka ƙara wa launi har ya yi ƙyalli, ajiye shi gefe ka nemi wani.

3. Dubi ramukan leɓe

Nan ne aikin yake, don haka ka natsu.

Macizan biyu suna da ƙananan ramuka a leɓɓansu da suke jin ɗumin jikin ɓera ko wani abin farauta da su cikin duhu, tunda da dare suke farauta. Bambancin yana wurin da ramukan suke.

A koriyar bowa, ramukan sun jeru reras a leɓen sama, daga kusa da hanci har bayan ido, kuma akwai wani jerin a leɓen ƙasa. Masu zurfi ne, baƙi-baƙi saboda inuwa, suna tsakanin ɓawon fata da ɓawon fata. Idan ka dubi fuskarta daga gefe sai ka ga kamar guraben dara da aka haƙa a layi biyu. Ko daga ɗan nesa ana ganinsu, kuma su ne suke ba ta wannan fuska mai kwarjini kamar tana murtuke.

A koriyar mesa, leɓen sama yana da ramuka a gaba kawai, a kan ɓawon ƙarshen hanci da ɓawo biyu ko uku da ke biye da shi. Daga nan zuwa ƙarƙashin ido leɓen sumul yake. Sauran ramukan suna leɓen ƙasa ta wajen baya, a cikin wani ɗan kwari, kuma kowane rami a cikin ɓawon yake. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mesa a hannun gardi ya dubi bakinta ya san wannan tsari, 'yan ramuka a gaban baki sannan fili.

Ga hanya mafi sauri: sa yatsa a kan allon waya daidai ƙarƙashin idon macijin, ka dubi leɓen sama a wurin da kuma bayansa. Akwai ramuka masu zurfi? Bowa ce. Sumul ne? Mesa ce.

Kuskuren da aka fi yi a nan: ana yawan yaɗa cewa ɗaya a leɓen sama kawai take da ramuka, ɗayar a na ƙasa kawai. Wannan bayani ya ɓatar da mutane da yawa. Dukansu suna da ramuka sama da ƙasa. Tambayar ita ce ko jerin na sama ya kai har bayan ido. Kuskure na biyu shi ne ɗaukar layukan da ke raba ɓawon leɓe a matsayin ramuka, musamman a hoto mai duhu. Layi siriri ne, rami kuwa yana da baki da zurfi.

4. Hau saman kai

Yanzu ɗauko hoton da aka ɗauka daga sama. Dubi fatar da ke tsakanin hanci da idanu.

Kan koriyar mesa a rufe yake da ƙananan ɓawo masu yawa, iri ɗaya, kamar an barbaɗa gero a kan faifai. Hancinta gajere ne, kuma ƙofofin hancin suna kan wasu ɓawo biyu masu ɗan kumburi da suke sa gaban fuskar ya yi kamar mai kusurwa. A koriyar bowa ta yankin Gayana da Surinam, ɓawon saman hanci manya ne, fala-fala, kana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Kanta ya fi tsawo da girma idan aka gwada da wuyanta, ga wasu tsokoki biyu da suka tashi a ƙeya suka bar kwari a tsakiya.

Hattara: koriyar bowa iri biyu ce, ta arewa, wato ta wajen Gayana da Surinam, da ta kwarin kogin Amazon. Bowar cikin kwarin Amazon tana da ƙananan ɓawo a hanci fiye da 'yar'uwarta ta arewa, har takan rikita mai kallo ya ce mesa ce. Idan mataki na 4 ya saɓa wa na 3, bi na 3.

5. Sai yanzu ka dubi zanen baya

Na jinkirta wannan da gangan, domin shi ne abin da ido yake fara kamawa kuma shi ne ya fi yaudara.

Farin zanen koriyar bowa yana yanko gadon baya ne a gicciye. Wasu faffaɗa ne a sama su tsuke a ƙasa, wasu a karkace kamar walƙiya, fari fat, wani lokaci da ɗan baƙi-baƙi a gefensu. Cikinta rawaya ne sosai. Farin koriyar mesa kuwa ɗigo-ɗigo ne, ɓawo ɗaya ko biyu, suna bin tsawon ƙashin baya. Na tsibiran Aru ɗigon a warwatse yake, na wajen garin Merauke a kudancin Niyu Gini da na Kef Yok kuma yakan haɗu ya zama siririn layi.

Shuɗi alama ce mai ƙarfi. Idan ka ga layi shuɗi a gadon baya da 'yan zane shuɗɗa a gefensa, kamar yadda ake gani a mesoshin wajen garuruwan Sorong da Jayapura na yankin Papuwa, mesa ce. Akwai ma matan da jikinsu yake rinewa ya koma shuɗi-shuɗi lokacin da suke ɗauke da ƙwai. Haka idan babban maciji ne kore amma da facin rawaya nan da can, ka fi kyautata zaton mesar tsibirin Biyak na arewacin Niyu Gini ce, wadda takan daɗe ba ta gama sauya launin ƙuruciya ba.

Tarkon da ke nan shi ne farin layi mai bin baya. Bowar Amazon ma tana da shi, sau da yawa tun daga wuya har wutsiya. Bambancin shi ne nata layin yana da rassa masu saukowa gefe kamar haƙoran zarto, na mesa kuwa zare ne kawai. Kuma masu kiwo sun haɗa jinsi sun fitar da launuka iri-iri, har da baƙi-baƙi da rawaya zalla, don haka macijin keji yana iya zuwa da zanen da babu shi a daji. Leɓensa dai ba ya canzawa.

6. Idan ɗan ƙarami ne

Babu ɗayansu da aka saba gani kore tun ranar farko. 'Ya'yan koriyar mesa sukan fito rawaya kamar garin ɗorawa, ko ja mai duhu kamar jan bulo, da ɗigo farare ko ruwan ƙasa, da wani layi da ya ratsa ido. A Ostireliya da Aru rawaya kaɗai ake samu, jajayen sai a wasu sassan Niyu Gini. 'Ya'yan koriyar bowa ja ne ko ruwan goro, kuma tun suna ƙanana farin zanen nan na gicciye yana bayansu. Dukansu sukan fara komawa kore tsakanin wata 6 zuwa shekara guda, wasu su wuce haka.

Saboda haka rawaya mai haske ta fi nuna mesa. Ja ba ya nuna komai, koma ga leɓe. Akwai ƙarin alama a wutsiya: ƙarshen wutsiyar koriyar mesa siriri ne, launinsa ya bambanta da na jiki, kuma takan sauko da shi tana karkaɗawa a hankali kamar tsutsa don ta jawo ƙadangare ko kwaɗo. Duk bidiyon da ka ga macijin yana kwance shiru amma bakin wutsiya na motsi a ƙarƙashin kansa, akwai kyakkyawan zaton mesa ce.

Gargaɗi ga mai riƙe da jariri: ƙashin bayan 'yar mesa ba shi da ƙwari ko kaɗan. Fizgo ta daga reshe ko matsa gindin wutsiya don a gane mace ce ko namiji yana iya lanƙwasa mata ƙashi har abada. Masu kiwo na ƙwarai sukan jira ta shekara kafin su duba jinsi, kuma da reshen suke ɗago ta gaba ɗaya.

7. Ƙwai, haihuwa da saɓa

Idan hoton ya nuna macijiya ta naɗe ƙwai farare tana kwanci, magana ta ƙare, mesa ce. Takan yi kwancin kamar kwana 50 kafin su ƙyanƙyashe. Bowa ba ta yin ƙwai. Takan ɗauki ciki wata 6 zuwa 7 ta haifi 'ya'ya masu rai, galibi tsakanin 6 da 14, kowanne cikin siririyar jaka da yake fasawa ya fito.

Idan kuma saɓa ce ta zo hannunka, shimfiɗa ta a kan farar takarda ka dubi ƙarƙashin wutsiya, bayan mafitar kashi. A mesa yawancin ɓawon wurin bibbiyu suke a jere kamar kitso. A bowa layi ɗaya ne. Wannan hanya ce mai kyau domin ba ta buƙatar ka kusanci bakin kowa.

8. Haƙora: ka sani, kada ka gwada

Babu mai dafi a cikinsu, amma dukansu suna da dogayen haƙoran gaba, kuma na koriyar bowa suna cikin mafi tsawo a duk macizan da ba su da dafi idan aka gwada da girman jiki. Sunan caninus da masanin nan Linnaeus ya ba ta a 1758 daga kalmar kare ya samo asali. Cizonta yana shiga da zurfi ya zubar da jini sosai. Idan ka ci karo da hoton da ta yi hamma, ka duba. Kada ka buɗe bakin maciji don neman wannan alama, kuma kada ka sa hannu a kejinsu bayan magariba, lokacin da duk abu mai ɗumi da ya gifta abinci ne a wurinsu.

9. Tantance wace iri ce a cikin gidan

Wannan na masu son zurfafawa ne. A 2009 masanin macizai Robert Henderson da abokan aikinsa suka raba koriyar bowa gida biyu. Ta arewa da kogin Amazon, gabas da kogin Negro, ta riƙe sunan Corallus caninus. Ta sauran kwarin Amazon aka kira ta Corallus batesii, ta fi girma, tana iya haura mita 2 da rabi, alhali ta arewa takan tsaya wajen mita 1.8. Ita ma koriyar mesa, wadda masani Schlegel ya bayyana a 1872, bincike na 2020 ya ware na arewacin Niyu Gini da Biyak a matsayin Morelia azurea, na kudu da Aru da Ostireliya suka ci gaba da amsa Morelia viridis. Raba mesoshin biyu da ido kaɗai abu ne mai wuya, sai an san inda aka kamo su ko iyayensu. Idan ka ga tsohon rubutu yana cewa Chondropython, koriyar mesar nan ce dai da sunanta na da.

10. Idan maganar saye ce

Wasu daga cikin masu tambayar ba kallo kawai suke yi ba, dillali ne ya tallata musu a intanet. A kasuwannin Amurka da Turai koriyar mesa da bowar arewa sukan kai ɗaruruwan daloli, bowar Amazon kuwa dubbai ake magana. Wannan tazarar ce take sa a sayar da wata da sunan wata. Ka nemi sabon hoton kai daga gefe da daga sama na ainihin macijin da za a ba ka, da takarda mai kwanan watan ranar a gefensa, ka bi mataki na 3 da na 4 kafin ka tura ko sisi.

Sannan takardu. Duka biyun suna cikin rukuni na 2 na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato ba a tsallaka iyakar ƙasa da su sai da izini. A Najeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take da alhakin izinin, hukumar NESREA kuma tana sa ido kan masu karya doka. Takardar ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Binciken da Jessica Lyons da Daniel Natusch suka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na korayen mesoshin da ake fitarwa daga Indunusiya kowace shekara kamun daji ne ba bisa ƙa'ida ba, ana bi da su ta gonakin kiwo a rubuta cewa a can aka ƙyanƙyashe su. Irin waɗannan sukan iso da tsutsar ciki da ƙishirwa. Bowar da aka kamo daga daji kuma an san ta da ciwon amayar da abinci, wanda yake da wuyar magani kuma yakan kashe ta.

Kulawarsu ma ba ɗaya ba ce, shi ya sa kuskuren suna yake zama kuskuren kiwo. Bowa ta fi son ɗan sanyi, wajen digiri 26 zuwa 28 da rana, kuma narkewar abincinta a hankali take, ciyar da ita akai-akai ko ba ta ɓera mai girma yana jawo aman nan. Mesa tana jure wurin ɗumi da ya kai digiri 30 zuwa 31. Dukansu suna buƙatar iska mai laima irin ta dajin da ruwa ba ya yankewa.

Ra'ayina a nan a fili yake: wanda yake zaune a Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram kada ya saya. Zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, hunturu yana busar da iska har leɓen mutum ya tsage, kuma na'urar sanyaya ɗaki da ta feshin ruwa suna buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa dare da rana. Kwana biyu babu wuta a tsakiyar bazara ya isa ya kashe dabbar da aka ɗauko daga inuwar dajin Surinam ko Papuwa, kuma likitan dabbobin da ya saba duba irin waɗannan macizai ba a kowane gari ake samunsa ba.